Abin da Fatar Kare Ke Faɗa wa Likitan Dabbobi

Duk wanda ya taɓa kiwo a gefen dajin Birnin Gwari ya san yadda saniya ke karkaɗa fatarta idan tsando ya sauka mata a gadon baya. Ba ta waiwayo ba, ba ta daina cin ciyawa ba, fatar ce kawai ta motsa. Kare ma yana da wannan baiwa, kuma likitocin dabbobi sun mayar da ita makamin bincike.

A ƙauyuka irin su Tabanni, kare abokin farauta ne, kuma mai gadin gida da garke. Idan babur ya buge shi, ko gadu ya tunkuye shi, ya dawo yana jan ƙafafun baya, tambayar mai shi guda ce: zai tashi kuwa? Amsar tana cikin laka, watau farar igiyar nan da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya. Matsalar ita ce ido ba ya ganin laka, kuma na'urar ɗaukar hoto tana can nesa, a wurare kamar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

To, a nan ne fata ke amfani. Likita zai sa wa karen takunkumi, ya ɗauki ɗan hantsaki, ya mintsini fatar baya dab da ƙugu, gefe da tsakiyar baya kaɗan. A jikin lafiyayyen kare, saƙon mintsinin zai shiga laka ta jijiya mafi kusa, ya haura har gindin wuya, inda gaɓoɓin wuya 7 suka haɗu da na ƙirji 13. Daga can wata jijiya za ta fito ta hammata, ta umarci siririyar tsokar da ke shimfiɗe ƙarƙashin fata. Nan take fatar ɓangarorin biyu, dama da hagu, za ta karkaɗa. Abin mamaki, wannan motsi ba ya buƙatar saƙon ya je ƙwaƙwalwa. Laka ce ta karɓa, ita ta ba da amsa. Baturen Ingila Charles Sherrington, wanda ya sami kyautar Nobel a 1932, ya yi dogon nazari a kan ire-iren wannan motsi, har da yadda kare ke susa da ƙafa ba da niyyarsa ba.

Idan kuwa laka ta sami rauni, hanya ta yanke. Likita zai mintsina a ƙugu ya ji shiru, sai ya riƙa matsawa gaba gaɓa bayan gaɓa, har ya iso inda fata ta amsa. Galibi raunin yana nan gaba kaɗan da wannan iyaka, kamar tazarar gaɓa biyu. In kuma ɓangare ɗaya ne kawai ke motsi ko ta ina aka mintsina, sai a yi zargin jijiyoyin hammatar ɗaya ɓangaren sun tsinke, abin da kan faru idan mota ta fizgi ƙafar gaba.

Sai dai motsi daban, jin zafi daban, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Akan matse yatsan karen da ƙafarsa ta shanye, ya janye ƙafar, mai shi ya yi murna. Wannan janyewa aikin laka ne kurum. Abin da likita ke jira shi ne karen ya yi kuka, ko ya waiwayo zai yi cizo, don wannan ne shaidar saƙo ya isa ƙwaƙwalwa. Karen da ke jin zafin yana da kyakkyawan zaton warkewa. Wanda ba ya ji, lamarinsa ya yi tsanani.

Wannan gwaji ba na ɗalibi ba ne a tsakar gida. Ciwon haukan kare ma yakan zo da shanyewar ƙafafu, ba lallai da cizo da hargagi ba, kuma ƙwayar cutar tana cikin yawu. Saboda haka kafin likita ya ɗauki hantsaki, sai ya tambaya ko an yi wa karen allurar riga-kafi, da kuma ko wata dabba ta cije shi kwanan nan.