Mizanin Ci da Motsa Jiki ga Mai Neman Rage Ƙiba: Nazari a Mahangar Shari'a da Duban Rayuwar Kanya Babba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda Musulmin da nauyin jikinsa ya wuce kima zai daidaita abin da yake ci da yawan motsa jikinsa, bisa nassoshin Shari'a da bayanan malamai da abin da likitoci suka tabbatar. Ta ɗauki rayuwar mutanen Kanya Babba da kewayenta a matsayin misali. Abin da ta cim ma shi ne cewa ma'aunin ci da ma'aunin motsi ɗaya ne, wato ƙarfin da bawa zai sauke haƙƙin Allah da haƙƙin bayinsa da shi.

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Kanya Babba gari ne a Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura, arewa maso yammacin Jihar Jigawa, a yankin da ya haɗa da Kazaure da Roni da Gwiwa. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Manomin da ke sammako zuwa gona da fartanya, da matar da ke surfe da daka da jan ruwa a rijiya, ba su taɓa buƙatar a yi musu wa'azin motsa jiki ba. Sai dai rayuwa ta sauya wa wani rukuni na jama'a: malaman makaranta da limamai da ma'aikata da masu shaguna. Babur ya ɗauke musu tafiyar ƙasa, injin niƙa ya hutar da iyalansu, shayi mai zaƙi da burodi da taliya da lemon kwalba sun shigo cikin cimarsu, alhali malmalar tuwon da suke ci da dare tana nan yadda manomi yake cin ta. Daga nan tumbi yake fitowa, mutane su ce hutu ya zo, sai bayan wasu shekaru a ji ana maganar hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwar da ke hana mutum sujada.

Matsalar ta game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana fama da ƙiba mai yawa. Ma'aunin da hukumar take amfani da shi ga baligai shi ne a raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau biyu a jere: idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya yi yawa, idan ya kai 30 an shiga ƙiba mai haɗari. Mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 90, alal misali, sakamakonsa ya ɗan haura 31.

Matsayin ƙiba a Shari'a

Ƙiba a karan kanta ba zunubi ba ce, kuma bai halatta a yi wa mai ita izgili ba. Wani gadonta ya yi, wani magani ne ya jawo masa, wani kuma shekaru ne. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa lokacin da Annabi (S.A.W.) ya manyanta jikinsa ya yi nauyi, yakan yi mafi yawan nafilarsa a zaune. Amma hadisin Imrana bn Husaini, wanda Buhari da Muslim suka fitar, ya lissafa bayyanar ƙiba cikin alamomin mutanen da za su zo bayan zaɓaɓɓun ƙarnuka, kuma masu sharhi sun ɗora zargin a kan wanda ya jawo wa kansa ita ta hanyar dulmuya cikin ci da sha. Ke nan abin da ake tambayar bawa a kansa shi ne sababin da ke hannunsa, kuma sababin nan gida biyu ne: abin da ke shiga ciki, da abin da jiki ke ƙonawa.

Ma'aunin ci

Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa umarni da ci da sha da hani ga almubazzaranci a wuri ɗaya. Hadisin Miƙdamu bn Ma'adikarib, na Tirmizi da Ibnu Majah, ya fayyace iyakar: 'yan lomomin da za su tsayar da ƙashin bayan mutum sun wadatar, idan kuma ba makawa sai a kasa cikin kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ɗaliban zaure a ƙasar Hausa sun san wannan rabo, domin Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani (ya rasu 386H) ya kawo shi cikin ladubban cin abinci a Risala. Ibnu Rajab (ya rasu 795H) kuma, a sharhin hadisin cikin Jami'ul Ulumi wal Hikam, ya mayar da shi tushen ilimin likitanci baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne hadisin ya ajiye iyaka biyu. Ta sama ita ce kada a cika ciki. Ta ƙasa ita ce kada a gaza abin da zai tsayar da mutum. Mai neman rage ƙiba yakan tuna ta farko ya manta ta biyu, ya ƙaurace wa abinci har jiri ya kama shi a sahu, ko ya kasa koyar da darasinsa. Wannan ya saɓa wa shiriyar Annabi (S.A.W.), wanda ya hana sahabbai saje azumi ba tare da buɗe-baki ba, ya kuma tunatar da Abdullahi bn Amr bn Asi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Likitoci ma sun tabbatar da cewa yunwa mai tsanani takan cinye tsoka tare da kitse, kuma nauyin yakan dawo da zarar an koma ci.

Ma'aunin motsi

Muslim ya ruwaito hadisin da ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da tabbatar da alheri ga kowannensu. Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yakan ziyarci Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa.

Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751H) ya yi bayani cikin Zadul Ma'ad cewa abinci yakan bar ragowa a jiki, kuma motsi yana daga cikin manyan abubuwan da ke hana ta taruwa. Ya ce lokacin da ya dace shi ne bayan abinci ya narke, matsakaicin motsi kuma shi ne wanda fata za ta yi ja jiki ya ɗan jiƙa, ba wanda zai kai ga galabaita ba. Ya kuma lissafa salla da tafiya masallaci da gaida mara lafiya da raka jana'iza cikin abubuwan da ke kiyaye lafiya. Malaman wannan ƙasa ba su bar fagen ba: Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo (ya rasu 1829) ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) kuma ya yi rubuce-rubuce da dama kan magani.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kamar tafiya da sauri, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti 30 a rana, kwana biyar, ya cika mafi ƙarancin adadin.

Inda ake kuskuren lissafi

Kuskure mafi yawa shi ne ɗaukar motsa jiki tamkar kaffarar ƙoshi. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ana auna ƙarfin da ke cikin abinci da kalori. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na hatsi ko sukari kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kimanin kalori 120, ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi kimanin 140. Mutum mai matsakaicin nauyi da ya yi tafiya da sauri ta minti 30 yakan ƙona kusan 150. Ma'ana, wanda ya zaga bayan gari da asuba, ya dawo ya saka wa kansa da lemon kwalba ɗaya, ya mayar da kusan duk abin da ya fitar. Motsi kuma yakan buɗe ciki, mutum ya ƙara loma bai sani ba.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: a rage ci a zauna wuri ɗaya. Sikeli zai nuna raguwa, amma wani ɓangare na abin da ya tafi tsoka ce, ita ce kuwa ke ɗaga mutum daga sujada.

Mafita ita ce haɗa biyun daidai-wa-daida. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsi na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. Likitoci sukan ba da shawarar raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa, kuma aikin da ya fi soyuwa ga Allah, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Aiwatarwa a Kanya Babba

Mutumin wannan yanki bai buƙatar abincin kanti. Gero da dawa da wake da zogale da rama da kuka da nono suna cikin mafi alherin abinci. Gyaran yana cikin adadi: a rage malmala a ƙara ganye da wake, a auna man da ake kwarara wa ɗanwake da shinkafa da wake da cokali, a dama fura ba tare da tula sukari ba, a sassauta cin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, adadin da kofi uku na shayin mai shayi kan iya cikawa. Wanda ke tsoron zubar da abinci har ya cinye abin da ya fi ƙarfin cikinsa, sai ya rage tun daga tukunya, ya miƙa rarar ga maƙwabci ko almajiri, domin a unguwa ɗaya ake samun mai fama da ƙiba da gidan da ke kwana da yunwa.

Dangane da motsi, a ajiye babur ga tafiyar da ba ta da nisa, a taka zuwa masallaci da makaranta da kasuwa. Sai dai sunna ce a je salla cikin natsuwa, don haka saurin a bar shi ga dawowa. A watannin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, bayan asuba da dab da magariba ne lokacin da ya dace. Mai albashin da yake da gona, ya riƙe fartanya da kansa a damina gwargwadon iko. Mata kuma suna da hujja a tseren Nana A'isha. Tsakar gida ya isa wurin zagaye, kuma ya kamata maigida ya taimaka. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin suga ko na zuciya, kada su sauya ci ko motsi sai da shawarar likita. Haka kuma a guji haɗe-haɗen rage tumbi da ake tallatawa ba a san abin da ke cikinsu ba.

Azumi da niyyar rage ƙiba

Ɗalibai sukan tambaya ko wanda ya yi azumin Litinin da Alhamis yana kuma fatan raguwar nauyi ya ɓata ibadarsa. Imam Alƙarafi, malamin Malikiyya (ya rasu 684H), ya bambance cikin Alfuruƙ tsakanin riya da haɗa wata manufa halattacciya da ibada. Ya kawo misalin mai azumi don lafiyar jikinsa, ya ce wannan bai ɓata ibadar, ko da yake ladan wanda ya tsarkake niyya ga Allah kaɗai ya fi, kuma ya kafa hujja da umarnin da Annabi (S.A.W.) ya bai wa matashin da bai da halin aure na ya lazimci azumi. Amma wanda ya bar ci don rage nauyi kawai, ba tare da nufin kusanci ga Allah ba, ƙauracewa abinci ya yi, bai yi azumin Shari'a ba. Ya dace kuma masu wa'azi su sani cewa ruwayar da ke danganta azumi da samun lafiya malaman hadisi sun raunana ta, maganar da ke cewa tumbi ne gidan cuta kuwa Ibnul Ƙayyim ya mayar da ita ga likitan Larabawa Harisu bn Kalada. A Ramadan, abin da ke rushe amfanin yini shi ne buɗe-baki da soye-soye da kunu da zoɓo masu zaƙi. Tafiya mai sauƙi bayan tarawihi ta fi dacewa da mai azumi fiye da wahalar da jiki da rana.

Kammalawa

Mai neman rage ƙiba yana da hanyar gwada kansa ko babu sikeli a gida. Idan ya tashi daga akushi yana numfashi cikin sauƙi, ya taka zuwa masallaci bai yi haki ba, ya tsaya bayan liman tsawon karatu, ya wuni yana sana'arsa ba jiri ba kasala, to cinsa da motsinsa sun daidaita. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, sai ya duba wanne ne ya wuce iyaka, ya gyara shi a hankali. Wajibin limamai da malaman Islamiyya a Kanya Babba da maƙwabtanta shi ne su karantar da babin ci da sha na Risala a matsayin hukuncin da ake aiki da shi, su kuma fara da kansu. Allah ne Mafi sani.