Ma'aunin Ilmin Ƙasa da Rijiyar Ƙauyenmu

Bara waccan mutanen ƙauyenmu, a ƙasar Ɗambatta, suka yi karo-karo don a haƙa mana rijiyar burtsatse. Mahaifina ya sayar da tunkiya, wasu suka sayar da gyaɗa. Mai kwangila ya zo da injinsa, ya yi kwana uku yana huda, ba abin da ya fito sai farar ƙurar dutse. Ya naɗe kayansa ya tafi, kuɗi suka bi shi. Har yau ƙannena mata sai sun yi sammako zuwa fadama kafin a ɗora tukunya.

Da muka dawo hutu na kai wa malaminmu na labarin ƙasa wannan kuka, na ce, "Malam, ashe duk Nijeriya ba masu sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa?" Ya ce akwai su da yawa, har ma akwai ma'aunin da duniya ke auna aikinsu da shi. Abin da ya bayyana mini, da wanda na bincika daga baya, shi na ke so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

In masani ya gama bincike a kan duwatsu, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko ma'adinai, sai ya rubuta ƙasida ya aika wa mujallar masana. Ba a bugawa sai wasu masanan sun duba sun yarda. To, ma'auni na farko shi ne a ƙidaya ƙasidun da mutanen wata ƙasa suka buga a shekara. Na biyu ya fi wannan dabara. Duk wanda ya yi amfani da aikin wani, tilas ya ambace shi a ƙarshen tasa ƙasidar, kamar yadda malaman zaure ke faɗin wanda suka ɗauki karatu a wurinsa. Sai a ƙidaya sau nawa aka ambaci kowace ƙasida. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kafa kundin wannan ƙidaya a 1964, ana ce masa Science Citation Index. A 2004 aka fito da wani kundin mai suna Scopus. A 2005 kuma wani masani, Jorge Hirsch, ya ƙaga hanyar haɗa ma'aunan biyu a lamba guda: in mutum yana da ƙasidu 4 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 4, lambarsa 4 ke nan, ko da kuwa ya rubuta 50. Da irin wannan lissafi a ke jera ƙasashe. Sin da Amurka su ne a gaba. A nahiyarmu kuwa Afirka ta Kudu da Masar sun sha gaban Nijeriya.

Ba zan kushe ma'aunin nan duka ba, don na ga amfaninsa a kan ƙasarmu ta haihuwa. Kowa ya san yadda mu ke a nan arewacin Kano: gona na jikin gona, ba saura, ba daji, ƙasa kuwa jigawa ce mai rairayi. Da can masu ilmin zamani da dama sun ɗauka cewa ƙasar da a ke nomawa kowace shekara ba hutu lalle ta mutu. Sai wani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano yana auna gonaki yana ƙidayar mutane da itatuwa. A 1965 shi da wani abokin aikinsa suka buga rahoton farko. Ya ci gaba da komowa shekara da shekaru, ya ga farin 1972 zuwa 1974, ya kuma ga na 1984. Abin da ya samu shi ne mutane sun ƙaru, amma ƙasa ba ta mutu ba, domin manoma na zuba taki, suna kiwon awaki da tumaki a gida da harawa da kara, suna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, suna barin gawo da ɗorawa. A 1980 wani masani, Grant McTainsh, ya buga awon da ya yi na ƙurar hazo da ke sauka a Kano, a mujallar Nature ta Ingila. Bayansu wata Baturiya, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau a ƙasar Gezawa cikin shekarun 1990, tana lissafin abincin shuka da ke shiga gona da wanda ke fita, har da wanda hazon nan ke kawowa. Ita kuma ta dogara da aikin waɗanda suka gabace ta, ta kuma ambace su. Ta hanyar ambaton nan ne labarin manomin Kano ya kai kunnen masana a ƙasashe masu nisa, har suka fara sake tunani game da zancen hamada.

Amma a nan ne na fara jin wani abu a raina. Jakin kakana ya yi shekaru yana jigilar taki a mangala. Ilmin na su kakana ne, ambaton kuwa ya tafi ga wanda ya rubuta da Turanci. Ban ce masanan sun yi laifi ba, su ne ma suka wanke manoma daga zargi. Sai dai kundin ba shi da gurbin da zai sa sunan tsohon maginin rijiya na garinmu, wanda ke duban launin ƙasar da guga ya fito da ita ya ce ko an kusa ruwa ko a tashi.

Ko cikin abin da aka rubuta ma, ba duka a ke ƙidayawa ba. J. D. Falconer ya zaga Arewa yana duban duwatsu, ya buga littafinsa a 1911. A 1919 aka kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya, wadda ta daɗe tana zaune a Kaduna, ta yi ta fitar da rahotanni da taswirori, har da wani na 1965 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na Arewa. Cikin shekarun 1980 hukumar KNARDA ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a ƙauyukan Jihar Kano. Duk rijiyar da aka haƙa bisa ƙa'ida tana da takarda mai nuna zurfinta, da irin ƙasar da aka ratsa, da inda aka sami ruwa. Irin wannan takarda ba ƙasida ba ce, saboda haka ba ta ƙara wa Nijeriya ko maki ɗaya a jerin ƙasashe. Haka kuma yawancin mujallun da a ke bugawa a jami'o'inmu ba sa cikin manyan kundayen nan biyu.

Alhali kuwa ita ce takardar da ƙauyenmu ke bukata. Malam ya zana mini a allo: a yawancin ƙasar Kano, in ka wuce rairayi da marmara sai ka tarad da tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa, sai fa inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa rijiya ɗaya ta kan ba da ruwa, wata kusa da ita ta bushe ƙayau. Can gabas wajen Gumel da Haɗeja, inda ƙasa ta ke yashi da laka na kwarin Chadi, abin ya sha bamban. A irin ƙasarmu, kafin a huda, ana tura wutar lantarki cikin ƙasa da wata na'ura don a gano inda dutsen ya ruɓe. Mai kwangilarmu bai yi ba, mu kuma ba wanda ya san ya tambaya.

Akwai kuma wata ɓaraka. Tun da ƙarin girman malamin jami'a ya rataya a kan yawan ƙasidu, wasu sai su raba bincike ɗaya gida uku, wasu su yi ta ambaton kansu, wasu su biya kuɗi a buga musu a mujallar da ba ta duba komai. Lamba ta hau, ilmi yana inda ya ke. Mai haƙurin da zai auna zurfin ruwan rijiyoyi ashirin kowane wata har shekara goma kuwa, ƙila ƙasida ɗaya tak zai fitar.

Ni dai na sayi littafin rubutu mai shafi 80. Malam ya ba ni aron igiyar awo, a hutun nan zan bi rijiyoyin ƙauyenmu da na maƙwabta in rubuta gaba nawa ce kowace, da watan da ta ke ƙafewa, da abin da masu gininta suka tarar. Mai unguwa ya ce zai haɗa ni da tsohon maginin, tun yana iya tuna su. An fara maganar sabon karo-karo bayan kaka.