Togo, ƙaramar ƙasa a bakin teku

Nijar ba ta da teku. Shinkafa da sukari da magani da kayan mota, da yawansu cikin jirgin ruwa suke zuwa daga ƙasashe masu nisa. Jirgi yakan sauke su a tashar wata ƙasa, sannan manyan motoci su ɗauko su zuwa Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi ita ce ta Lome, babban birnin Togo. Saboda haka yana da kyau manomi da makiyayi da ɗan kasuwa su san wannan ƙasa: inda take, da mutanenta, da yadda ake mulkinta.

Inda Togo take

Togo tana kudu maso yamma da Nijar, amma ba su haɗa iyaka ba. Ghana ce yamma da ita, Benin ce gabas, Burkina Faso ce arewa. A kudu kuwa sai teku.

Faɗin ƙasar bai kai murabba'in kilomita 57,000 ba. Sai an tara irinta 22 kafin a sami girman Nijar. Ta ɗan fi jahar Maraɗi girma, amma rabin jahar Tawa ce.

A kan taswira doguwa ce siririya, kamar zaure. Daga bakin teku zuwa iyakar Burkina wajen kilomita 600 ne, ya kusa nisan Yamai da Maraɗi. Bakin tekunta kuwa kilomita 50 ne da ƴan kai, kamar daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji. Wata babbar hanya ta ratsa ƙasar daga kudu har arewa. Ta tashi daga Lome, ta bi ta Atakpame da Sokode da Kara da Mango da Dapawong, ta ƙare a Sinkase, bakin iyakar Burkina.

Duwatsu da ruwa da noma

Wanda ya shiga Togo daga arewa, da farko ba zai ga baƙon abu ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ga kuka, ga kaɗanya, ga ɗorawa. Damina ɗaya ce a shekara, hunturu ma yana zuwa da hazonsa. Ana noman dawa da gero da gyaɗa da wake da auduga, ana kiwon shanu da tumaki. Babban kogin wannan yanki shi ne Oti.

In aka nausa kudu sai a tarar da jerin duwatsu da suka gitta ƙasar. Wanda ya fi tsawo shi ne dutsen Agu, mita 986, kusa da garin Kpalime. A nan ruwan sama ya fi yawa, yakan kai milimita 1,500 a shekara, wato kamar ninki uku na abin da ke sauka a Maraɗi. Nan ne ake noman kofi da koko, irin wanda ake yin cakulan da shi.

A kudu damina biyu ce. Babba tana farawa wajen watan Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Manomi yakan girbe masara sau biyu a shekara. Ana kuma shuka rogo da doya da kwakwar manja. Kogin Mono ne ke ratsa wannan sashe. A 1987 aka gama madatsar Nangbeto a kansa, wadda ke ba Togo da Benin wutar lantarki.

Ƙarƙashin ƙasa akwai fosfat, wani irin dutse da ake yin takin zamani da shi. Ana haƙarsa a Hahotowe, a kai shi Kpeme a bakin teku, a wanke, a loda wa jiragen ruwa.

Mutanen Togo

A ƙidayar 2010 an sami mutum miliyan 6 da dubu 191. A ta 2022 sun kai miliyan 8 da dubu 95, mata sun ɗan fi maza yawa. Ƙasar ƙarama ce, mutane kuwa da yawa: a kowane murabba'in kilomita akwai fiye da mutum 140. Lome da kewayenta kaɗai suna da fiye da miliyan 2, wato cikin kowane mutum huɗu, ɗaya a can yake zaune.

Ƙabilun ƙasar sun kai wajen 40. A kudu Ewe da Mina ne suka fi yawa. A yankin Kara akwai Kabiye, manoman da suka shahara wajen jera duwatsu a gangaren tudu don kada ruwa ya kwashe ƙasar gona. A Sokode akwai Tem, waɗanda ake kira Kotokoli, yawancinsu Musulmi ne. Can arewa akwai Moba da Cokosi da Fulani. Faransanci ne harshen aikin gwamnati da na lakkol, Ewe da Kabiye kuma an ba su matsayin harsunan ƙasa. Kirista sun fi yawa, amma akwai Musulmi da masu addinin gargajiya da dama.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ta arewacinta suke bi da jakunansu. Sukan yada zango a Mango, garin da cikakken sunansa Sansanne Mango, daga kalmar "sansani". A manyan garuruwa akwai unguwar da ake kira Zongo, inda ake jin Hausa. A 1977 hukuma ta tashi tsohon zangon Lome daga tsakiyar gari, aka mai da mutanensa Agowe, arewa da birni. Albasar Galmi da dabbobin Nijar suna shiga kasuwannin Lome. A babbar kasuwar birnin kuwa mata ne suka yi suna da cinikin atamfa, har aka laƙaba musu Nana Benz saboda irin motocin da suka saya.

Tarihin mulki

A 1884 Jamusawa suka ƙulla yarjejeniya da sarkin wani gari da ke bakin tafkin Togo. Daga sunan garin ƙasar ta samo sunanta. A 1914, lokacin yaƙin duniya na farko, sojan Faransa da na Ingila suka ƙwace ta, daga baya suka raba ta biyu. Kason Ingila ya shiga cikin Ghana a 1957. Kason Faransa shi ne ya sami ƴancin kai ran 27 ga Afrilu 1960.

Shugaba na farko, Silbanus Olimpiyo, sojoji sun kashe shi ran 13 ga Janairu 1963. Nikola Gurunitski ya gaje shi. A 1967 Nyasingbe Eyadema, soja ɗan ƙabilar Kabiye, ya karɓi mulki. Ya riƙe ƙasar shekara 38, har rasuwarsa a 2005. Ɗansa For Nyasingbe ya hau kujerar.

Yadda aka tsara mulki

An raba Togo jaha 5. Jahar bakin teku, da jahar tuddai mai babban gari a Atakpame, da jahar tsakiya mai Sokode, da jahar Kara, da jahar arewa mai Dapawong. A ƙarƙashinsu akwai gunduma 39, kowace da perfenta, da ƙananan hukumomi 117 masu magajin gari.

A 2024 aka sake tsarin mulki. Dā jama'a ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi shugaban ƙasa. A sabon tsari jama'a suna zaɓen ƴan majalisar dokoki 113. Akwai kuma majalisar dattawa mai mutum 61. Majalisun biyu ne ke haɗuwa su zaɓi shugaban ƙasa, amma shi uban ƙasa ne kawai, ba shi da iko mai yawa. Ikon yana hannun shugaban majalisar ministoci, wanda ke fitowa daga jam'iyyar da ta fi yawan kujeru. Ran 3 ga Mayu 2025 For Nyasingbe ya karɓi wannan muƙami, Jan-Lusiyan Sabi da Tobe kuma ya zama shugaban ƙasa. Masu goyon bayan tsarin sun ce ya ƙara wa majalisa ƙarfi. Ƴan hamayya sun ce hanya ce ta daɗewa a kan mulki, har aka yi zanga-zanga a Lome cikin Yuni 2025.

Tashar Lome da Nijar

An buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968. Ruwanta yana da zurfi, don haka manyan jirage suna iya tsayawa su sauke kaya. Togo da Nijar kuɗinsu ɗaya, Sefa, ɗan kasuwa ba ya buƙatar canji.

Shekara da shekaru yawancin kayan Nijar ta Kwatano suke shigowa, don ta fi kusa. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, sai kaya da yawa suka koma ta Lome. Daga Sinkase motoci suka riƙa ratsa Burkina ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera tare da rakiyar soja. Hanyar ta fi tsawo, ga jira, ga haɗari. Arewacin Togo ma ya sha hare-haren ƴan bindiga, har aka sa dokar ta-ɓaci a jahar a 2022.

Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, kuɗinsa a kan kaya yake hawa, mai saye a kasuwar ƙauye ne ke biya. Mai albasa da mai raguna kuma, in hanya ta tsaya, kayansu ne ke ruɓewa ko ramewa. Shi ya sa zaman lafiyar Togo da lafiyar hanyar Lome suka shafi farashin buhun shinkafa a Maraɗi da na buhun albasa a Galmi.