FASHIN BAƘI: Abin da hayaƙin bindiga ke faɗa game da harsasan da ke yawo a iyakar Jibiya

Mazauna Riko da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jibiya sun san bambancin harbi biyu ko daga nesa. Bindigar maharbi, wadda ake kira harba-ka-ruga, tana tashi da ƙara mai nauyi da farin hayaƙi mai warin farar wuta. Ta 'yan bindiga kuwa tana ɓarin wuta a jere, kusan babu hayaƙi. Asalin wannan bambanci yana cikin albarushi.

Albarushi iri biyu ne

Baƙin albarushi shi ne na gargajiya, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Sin fiye da shekara dubu da ta wuce. Idan ya ƙone, sama da rabin nauyinsa yana zama toka da hayaƙi, shi ya sa bututun bindigar ke cushewa da dauɗa bayan 'yan harbe-harbe.

Na biyun, marar hayaƙi, wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Paul Vieille ne ya samar da shi a 1884. Kusan dukkansa yana zama iska idan ya ƙone, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Shi ke cikin harsashin fistol da na AK-47. Zuba shi a harba-ka-ruga ganganci ne, domin bututun da maƙeri ya haɗa yana iya tarwatsewa a hannun mai shi.

Me doka ta ce?

A Amurka, sake cika kwanson harsashi a gida halal ne. Masu harbin wasa a can sukan zaɓi albarushin da ke ƙonewa tas domin rage wahalar wanke bindiga. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ta kuma hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi a wajen ma'aikatun da gwamnati ta amince da su, irin su DICON da aka kafa a Kaduna a 1964.

Me ya haɗa wannan da iyaka?

Ana iya dama baƙin albarushi a ƙauye, amma marar hayaƙi sai masana'anta. Ke nan duk harsashin zamani da aka harba a dajin Jibiya yana da mafari: ko dai ya tsallako iyaka, ko ya zurare daga rumbun makaman wata hukuma. Gindin kwanson yakan ɗauki tambarin masana'anta da shekarar ƙira. A rahotonta na 2020, cibiyar Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna, ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya da Kodebuwa.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta sa wa harsasai alama da musayar bayanai tsakanin ƙasashe. Sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, alhali hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta Ɗan Isa tana nan, haka ma barauniyar hanya da ke ratsa gonaki.

Sawun giwa ya taka na raƙumi: muhawara kan yawan bindigogi ta danne ta harsashi, duk da cewa bindiga takan yi shekaru tana aiki, harsashi kuwa kullum sai an sayo sabo. Kwanson da yara ke tsinta a gona bayan hari shaida ce da za ta iya kai masu bincike ga dillali. Tambayar da ta kamata matasan Jibiya su yi wa wakilansu da Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021, ita ce: wa ke tattara waɗannan kwansuna, kuma ina sakamakon bincikensu?