Yawo a gaɓar Jurassic: ki riƙe yaro, ki riƙe kare

Uwargida, in tafiya ta kai ki kudancin Ingila da yara, ki leƙa gaɓar tekun Jurassic, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. A garin Lyme Regis, yaro na iya tsintar halittar teku mai kama da katantanwa da ta zama dutse shekaru miliyoyi da suka wuce.

A nan Mary Anning ta yi suna wajen tono ƙasusuwan dabbobin da, karenta Tray na biye da ita. A 1833 ƙasa ta zaftaro daga tsauni ta kashe karen, ita ma da ƙyar ta sha.

Har yau tsaunukan na zaftarewa, musamman bayan ruwan sama. Don haka ki fita lokacin da ruwan teku ke janyewa, ki yi tsintuwa a kan yashi, nesa da gindin tsauni. In kuna da kare, ki sa masa igiya, ki kuma karanta alluna, domin wasu sassan ana hana karnuka daga Mayu zuwa Satumba.