Keke mai faɗin taya

Keke mai faɗin taya wani nau'in keke ne da aka ƙera domin bin ƙasa mai laushi wadda keken da aka saba ke nutsewa a cikinta, kamar dusar ƙanƙara da rairayi da taɓo. Faɗin tayarsa yakan fara daga inci 3.8 ya kai inci 5, wato ya ninka faɗin tayar baƙin keken da ake hawa a karkarar ƙasar Hausa fiye da sau biyu. A Turai da Amurka an fi sayensa domin hawa a lokacin sanyi. A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna, inda keke abin neman abinci ne, ba a dusar ƙanƙara, don haka abin da ake auna shi da shi shi ne yashin rani da ƙurar hunturu da lakar damina, sai kuma kuɗin gyara.

Tarihi

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na irin wannan keke ya faro ne daga ƙasar Hausa. A shekarar 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya hau keke mai manyan tayoyi da ya tsara da kansa daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar zuwa Tamanrasset a ƙasar Aljeriya, ta cikin hamadar Sahara. Bayan haka aikin ya ci gaba a wurare biyu na Amurka masu bambancin yanayi. A jihar Alaska, inda aka fara tseren Iditabike a kan dusar ƙanƙara a 1987, mahaya sun riƙa haɗa rim biyu gefe da gefe domin taya ta ƙara faɗi. A jihar New Mexico kuma an ƙera faffaɗan rim da taya saboda yashin hamada. Kamfanin Surly na jihar Minnesota ne ya fitar da shi kasuwa da yawa a 2005 da samfurin da ya kira Pugsley. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka shiga yin masu araha, kuma irin waɗannan ne aka fi gani a shagunan Najeriya.

Yadda yake aiki

Sirrin keken yana cikin ƙarancin iskar da ake ba tayar. Tayar keke na yau da kullum takan ɗauki iska kimanin psi 40 zuwa 60, ita kuwa faffaɗar taya ana iya hawanta da psi 5 zuwa 10 kawai. Idan iska ta yi ƙasa, taya takan baje, sai ɓangaren da ke taɓa ƙasa ya ƙaru. Misali, idan mutum da kekensa sun kai kilo 90, a kan psi 50 duk nauyin nan yana kan fili da bai wuce murabba'in inci 4 ba. A kan psi 8 kuwa nauyin zai bazu a kan kusan murabba'in inci 25. Dalilin da ya sa raƙumi ke taka yashi lafiya alhali jaki na nutsewa ke nan.

Wannan amfani yana zuwa da tsadarsa. A kan kwalta ko busasshen burji, taya mai laushi tana cin ƙarfin mahayi, kuma taya da rim da tib ɗinta duk sun fi nauyi, saboda haka tashi da hawan tudu sun fi wuya. Idan aka cika ta da iska sosai don ta yi gudu, sai ta riƙa tsalle a kan gargada, amfanin da aka saye ta dominsa ya tafi.

Hanyoyi da yanayin yankin

Ikara da Makarfi da Kudan suna cikin masarautar Zazzau, kusa da iyakar Jihar Kano, kuma yawancin mutanensu manoma ne. An san Makarfi da Kudan da noman rake da yin mazarƙwaila, Ikara kuma da tumatir da barkono da masara. Manyan garuruwa kamar Makarfi da Ikara da Hunkuyi, hedikwatar Kudan, suna da kwalta, amma hanyoyin da ke zuwa gonaki da ƙananan ƙauyuka burji ne ko turba. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa hawan babur ya yi tsada, abin da ya ƙara wa keke daraja a wurin ɗalibai da malamai da ƙananan 'yan kasuwa.

Damina a yankin tana kamawa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a marka, cikin Agusta, hanyoyin fadama sukan cika da laka. A nan ne mutane da yawa ke zaton faffaɗar taya za ta fi amfani, amma abin ya dogara da irin ƙasar. A jiƙaƙƙen yashi da taɓo mai ruwa-ruwa tana tafiya da kyau. A laka mai danƙo, irin wadda rake ke so, faɗin tayar ne ke kwasar laka har ta cushe tsakanin taya da firam, sai keke ya ƙi juyawa, kuma turawa ko ɗaukar sa ya fi na ƙaramin keke wahala.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin sanyi a nan, kuma shi ne lokacin jigilar rake da tumatir zuwa kasuwa. Ƙasa takan bushe ta yi tauri, sai dai a bakin rafi da wuraren da yashi ya taru. Babban abokin gabar keke a wannan lokaci ƙura ce. Tana haɗuwa da man da aka shafa wa sarƙa ta zama kamar sabulun goge ƙarfe, ta cinye sarƙa da haƙoran giya, ta shiga cikin boris. Ƙaya da tsidau ma sun fi yawa a kan turba bayan girbi, kuma taya mai faɗi tana taka fili mai yawa, don haka tana haɗuwa da su fiye da siririya.

Kekunan da ake gwada shi da su

Baƙin keke mai taya inci 28 shi ne aka fi sani a karkara. Kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila ne ya yaɗa shi a Najeriya, har ya taɓa samun masana'anta a Kano, sannan Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka biyo baya da siffa iri ɗaya. Ba shi da giya, birkinsa na sandar ƙarfe ne, firam ɗinsa baƙin ƙarfe ne da kowane mai walda zai iya gyarawa, kuma kariyarsa tana ɗaukar buhu ko damin rake ko jarkokin ruwa. Rauninsa shi ne siririyar tayarsa, wadda ke yanka yashi ta nutse.

Na biyu shi ne keken hawan tsauni mai taya inci 26, wanda yawanci na hannu ake shigowa da shi. Yana da giya, kuma firam ɗinsa yakan karɓi taya mai faɗin inci 2 ko ɗan fiye. Idan aka sa masa mafi faɗin tayar da za ta shiga, aka rage iska kaɗan kafin a shiga yashi, yana samar da wani kaso na abin da keke mai faɗin taya ke yi, da kuɗi kaɗan.

Zaɓe da ƙaramin jari

Kuɗin sayen keke sau ɗaya ake biya, na gyara kuwa kullum ne, kuma a nan ne keke mai faɗin taya ya fi rauni a yankin. Sassansa da dama na musamman ne. Tayarsa da tib ɗinsa ba sa cikin kayan da mai faci na kasuwar ƙauye ya saba ajiyewa. Gatarin ƙafar baya yakan kai milimita 170 zuwa 197 maimakon 135 na keken tsauni, mazaunin feda kuma milimita 100 ne maimakon 68 ko 73. Ma'ana, ba a iya ciro irin waɗannan sassa daga wani tsohon keke a sa masa, wanda kuwa shi ne yadda ake raya yawancin kekuna a karkara. Idan taya ta yage a ƙauyen da ke bayan Ikara, sai an nemi wata a Zariya ko Kano, keken yana jingine. Saboda haka mai saye kan fara tambayar inda zai samu taya da tib da farashinsu kafin ya tambayi kuɗin keken, ya kuma haɗa da tib guda na ajiya tun ranar saye.

Masu araha da yawa suna zuwa da abubuwan da ke ƙawata ido amma suna ƙara nauyi da lalacewa, musamman sifirin na gaba da na tsakiya. Tayar kanta tana shanye gargada, don haka keken da ba shi da sifirin ya fi ƙarko a farashi ɗaya. Birkin faifai mai aiki da waya ya fi dacewa da mai aiki da mai, tun da wayar birki tana samuwa ko'ina. Firam na baƙin ƙarfe ya fi na alminiyon nauyi, amma idan ya tsage ana walda shi a gari. Wanda zai ɗora kaya kuma sai ya duba ko akwai ramukan ɗaura kariya a bayan firam, domin kariyar baƙin keke ba ta hawa kan taya mai inci 4 sai an yi mata ƙira.

Idan na hannu ne, ana duba mahaɗan firam ko akwai tsaga ko sabon fenti da aka rufe walda da shi. Ana ɗaga kowace ƙafa a juya ta a ga ko rim ya karkace, a girgiza ta gefe da gefe a ji ko boris ya saki, a duba gefen taya ko ya fara tsattsagewa saboda rana.

Wanda hanyarsa ta kullum ta ratsa dogon yashi, kuma ba ya ɗaukar kaya masu nauyi, shi ne zai ci moriyar faffaɗar taya. Ɗalibin da ke bin burji da kwalta zuwa makaranta ya fi samun sauƙi da keken tsauni mai inci 26. Mai kai rake ko hatsi kasuwa kuwa har yanzu baƙin keke mai inci 28 ne ya fi masa, ko da zai sauka ya tura shi a wuraren yashi.

Kulawa a lokacin hunturu

Ana goge sarƙa da tsumma kafin a ɗiga mata mai, a kuma share abin da ya yi saura a waje, domin yawan mai shi ke tara ƙura. Ba a bari mai ya taɓa faifan birki. Ƙaramin famfo yana ɗaukar lokaci kafin ya cika faffaɗar taya, kuma latsawa da yatsa ba ta nuna ainihin yawan iskar da ke ciki, don haka ana buƙatar ma'aunin iska mai karanta ƙananan lambobi. Ajiye keken a inuwa yana hana robar taya bushewa da tsagewa.