Hikimar Haɗa Hatsi da Wake a Tukunyar Makaranta

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san babu abin da ɗalibai ke ƙorafi a kansa kamar yawan wake, alhali kuwa, in an bi bayanin masana ilmin sinadarai, da wuya a sami abin da ya fi shi fa'ida cikin dukan abin da kuku ke zubawa a tukunya.

Asalin al'amarin shi ne, abincin da Allah Ya hore wa ɗan Adam, kome bambancin launinsa da ɗanɗanonsa, galibinsa jinsi uku ne: sitaci da danginsa na sukari, da maiƙo, da furotin. Sitaci, wanda shi ya fi yawa cikin gero da dawa da masara da shinkafa, ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin sukarin gulukos da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Tun daga baki yawu ke fara tsinka zaren, hanji ya ƙarasa, sa'an nan sukarin ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa, wadda, ko da yake nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin baligi ba, takan cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Saboda haka in malami ya ga yaro yana gyangyaɗi da hantsi, kafin ya kira shi raggo, ya kyautu ya tambaye shi ko ya karya. Maiƙo kuwa, giram ɗaya nasa kalori 9 ne, na sitaci 4, kuma da taimakonsa jiki ke cin moriyar bitamin A daga karas da zogale, wanda rashinsa ke haddasa dundumi.

Amma inda hikimar take shi ne furotin, wanda da shi ake gina tsoka da jini. Shi ƙwayoyinsa iri 20 ne, ana kiransu amino asid, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, tilas sai ya same su a abinci. To, hatsi yana da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wake kuwa yana da shi a yalwace, shi kuma waken yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke cike masa. Watau kakanninmu da suka haɗa koko da ƙosai, ba tare da sun ji sunan laisin ba, sun dace da abin da bincike ya tabbatar daga baya. Illar dogara ga hatsi zalla kuwa, likita Cicely Williams ta bayyana ta tun 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, inda ta ga yaran da aka yaye da kunun masara kaɗai suna kumbura.

Tun da Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, ana yawan muhawara kan kuɗi, ba a cika tambayar me ke cikin kwanon ba. Roƙonmu ga shugabannin makarantu shi ne, in tsada ta tilasta a rage wani abu, kada a soma da wake. Iyaye kuma, kuɗin tara da ke tafiya ga lemon kwalba da alewa, su nuna wa yaro mai awara ko mai ƙosai.